Anti, kayan nutson maigida sun cinye mana akwatunan tafiya

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Zariya ce, muna zaune a Shikago da maigidana da yaranmu biyu, babbar shekararta 6, ƙaramin bai cika 2 ba. Tun da muka yi aure ba mu taɓa tafiya hutu mu kaɗai ba, duk hutun da ya samu gida muke zuwa. Bana ya biya mana kwana 7 a jirgin ruwan shaƙatawa a watan Yuli. Za mu hau jirgin sama zuwa Houston, mota ta kai mu tashar Galveston, daga can jirgin ruwan ya zaga da mu tsibirin Roatan na Honduras, da Costa Maya da tsibirin Cozumel na Meziko, ya dawo.

Shekara biyu ke nan da ya koyi nutso irin na masu goya tukunyar iska, a Tafkin Michigan yake yi, ya kuma kashe kuɗi sosai wajen sayen kayan. Makon jiya ya baje su a falo ya ce duk da su za mu tafi: tukunya, dalma, rigar roba mai kauri, wuƙa, fitila, komai. Akwati biyu suka cika, ga ni da kayan yara da keken ƙaramin. Na ce ya bar su ya yi haya a can, ya ce ba zai sa wa bakinsa abin da baki ɗari suka tsotsa ba, kuma da ransa ake magana. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Har na fara jin ba don mu ya shirya tafiyar ba. Yaya zan yi?

Maman biyu, Shikago

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya raya zuri'a, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Zan fara da faɗa miki abin da wataƙila ba ki so ji ba: a maganar bakin nan, Abban yara yana da gaskiya. Abin da mai nutso yake shaƙar iska da shi, wato ragileta, shi ne tsakaninsa da mutuwa idan yana mita 18 a ƙarƙashin ruwa. Wanda ya san tasa, ya san ranar da aka yi mata gyara na ƙarshe, ya saba da yadda take ba shi iska, ba laifi ba ne ya ƙi rabuwa da ita. Idan kika ci gaba da cewa ya bar komai, zai ji kamar ba ki damu da lafiyarsa ba, kuma daga nan kunnensa ya toshe. Amma gaskiyarsa ta tsaya ne a kan 'yan abubuwa ƙanana, waɗanda duka za su shige jakar goyo ɗaya. Sauran tulin da ya baje miki a falo, wani ba a yarda ya shiga jirgin ba ma, wani kuma zai kai shi ne ya dawo da shi bai taɓa ba.

Na san haka ne saboda ɗana na fari yana nutso, kuma sau biyu ina bin sa irin wannan tafiyar. A ta farko ya yi abin da maigidanki yake shirin yi. Na tashi sallar asuba na shiga banɗaki zan yi alwala, na tarar rigar roba ta rataye daga igiyar shanya tana ɗiga, takalman ninƙaya sun tokare ƙofa, ƙarnin teku ya cika wurin, ko inda zan ajiye buta babu. Ɗakin jirgin nan gaba ɗayansa bai wuce ɗakin kwana madaidaici ba, banɗakin kuwa idan kika miƙe hannuwa za ki taɓa bango biyu. Ku huɗu ne za ku zauna a ciki, har da gadon yaro.

Tukunyar iska dai a cire ta daga lissafi tun yanzu. Wadda aka fi amfani da ita, ta alminiyon, nauyinta ya kai kilo 14 ba tare da iska a ciki ba, alhali akwatin da ake aunawa a jirgin sama kilo 23 ne iyakarsa kafin a fara cajin ƙari. Jami'an tsaron filayen jirgin Amurka ba sa barin ta wuce sai an juye iskar an kwance kanta yadda za su leƙa ciki. Ko ya sha wannan wahalar ya kai ta Galveston, manyan kamfanonin jiragen shaƙatawa sun sa tukwanen iska a jerin abubuwan da ba a shiga da su, kuma duk akwati sai ya bi ta na'urar bincike. Abin da zai faru shi ne a riƙe akwatin a ƙasa, a aiko masa da takarda ya je ya buɗe a gaban masu tsaro, a karɓe tukunyar. Kuma ba ya ma buƙatarta, don duk shagon nutso da zai bi a Cozumel ko Roatan, tukunya da dalma suna cikin kuɗin da zai biya. Babu mai ɗaukar dalma ya tsallaka teku da ita. A kwale-kwalen nutso take a zube cikin bokiti, kowa ya zaɓi daidai nauyinsa.

Rigar robar nan mai kauri kuma ta Tafkin Michigan ce, inda ruwa ke da sanyi ko da bazara. Tekun da za ku je a watan Yuli ɗuminsa yakan kai digiri 28 zuwa 29. Wanda ya sa riga mai kaurin milimita 7 a wannan ruwa zai jiƙe da gumi tun kafin ya faɗa, sannan dole a ƙara masa dalma don rigar tana tura mutum sama. Hular roba da safar hannu ma su zauna a gida. Gaɓar Cozumel ta kudu gandun gwamnatin Meziko ne tun 1996, kuma dokar gandun ta hana masu nutso sa safar hannu da ɗaukar wuƙa, don kada su riƙa taɓa murjani. Ga amsar wuƙar ke nan. A jirgin ma, inda aka yarda da ita, masu tsaro ne ke ajiye ta, sai ya je ya sa hannu ya karɓa ranar nutso ya mayar idan ya dawo. Wahala ce a kan abin da ba zai yi amfani da shi ba.

Sai dai a maganar riga ba zan ce ya yi haya ba, kuma ina ganin ke ma za ki yarda da ni. Masu nutso da yawa suna fitsari a cikin rigar, don sanyin ruwa da matsinsa suna sa mara ta cika, kuma ba kowane shago ne yake wanke na haya yadda ran Musulmi zai kwanta ba. Mutumin da zai fito daga ruwa ya tarar da azahar tana jiransa gara ya sa tasa. Ya nemi siririya mai milimita 3, ko ma rigar ninƙaya mai dogon hannu da dogon wando idan ba mai jin sanyi ba ne. Tana naɗewa kamar zani, tana kuma bushewa da wuri.

To me zai ɗauka? Ragiletarsa. Gilashin fuskarsa, saboda fuska ba ɗaya ba ce, na haya yakan riƙa shigar da ruwa ya ɓata wa mutum nutson gaba ɗaya, balle idan nasa na magani ne. Agogon nutsonsa, wanda ke lissafa masa zurfi da lokacin da ya rage, don ya san maɓallansa. Siririyar rigar. Da katin shaidar horonsa, wanda babu shagon kirki da zai ba shi tukunya bai gani ba. Zan ƙara da balan-balan ɗin nan mai tsawo da ake hurawa don kwale-kwale ya hango mutum, domin a Cozumel igiyar ruwa ce ke tafiya da masu nutso, ba a inda aka shiga ake fitowa ba. Idan ragiletarsa irin mai zare ce da ake kira DIN, ya tafi da ƙarfen da ke haɗa ta da ɗaya nau'in, don tukwanen wannan yanki yawancinsu ba masu zare ba ne.

Abu biyu ne za ku iya ja-in-ja a kansu: falmaran ɗin iska, wadda ake hura wa iska don daidaita tashi da nutsewa a ruwa, da takalman ninƙaya. Su ne masu cin wuri. Ni a ganina, nutson kwana biyu bai kai a yi dakon falmaran mai kilo uku ko huɗu ba, hayarsa ba ta da tsada kuma ana gwada shi a gaban mutum kafin a shiga ruwa. Amma idan ya dage, ki bar masa wannan. A shimfiɗa takalman a gefe da gefen akwati, falmaran a ƙasa bayan an matse iskarsa, a cusa rigunansa da kayan yara a tsakani. Akwati ɗaya ya ishe shi har da tufafinsa. Kada akwatin ya zama mai tambarin kamfanin kayan nutso a jiki, don yana sanar da kowa cewa akwai abin kuɗi a ciki.

Yanzu ki saurari yadda kaya suke tafiya a jirgin ruwa, don ya sha bamban da abin da kika sani. Kuna isa tasha 'yan dako za su karɓi manyan akwatuna a bakin titi, bayan kun maƙala musu takardar da kamfani ya aiko mai lambar ɗakinku. Daga nan ba za ku sake ganinsu ba sai an kawo ƙofar ɗaki, wani lokaci da la'asar, wani lokaci sai bayan isha'i, domin akwatunan mutum dubbai ake rabawa. Ana jibga su a kejin ƙarfe, wani kan wani. Shi ya sa ragileta da agogo da gilashi ba sa shiga babban akwati, ko a jirgin sama ko a na ruwa. A bayansa za su kasance. Diyyar da kamfani ke biya idan kaya ya lalace kaɗan ce ƙwarai, tana rubuce a sharuɗɗan tikiti. Batiran litiyom na ajiya na fitila da na kyamara da abin cajin waya na tafi-da-gidanka ma dokar jiragen sama ta ce a hannu ake riƙe su. Ke kuma ki haɗa taki jakar hannun kamar akwatin ba zai zo ba sai gobe: fasfo, magunguna, kunzugun yaro na yini guda, madararsa, kayan canji, hijabi da dardumar salla. Kada ki ɗauki dutsen guga ko butar lantarki, ana ƙwace su saboda gobara, haka ma jonin wuta mai kariyar hauhawar lantarki.

Da an kawo akwatuna a kwashe kayan a jera a durowa, a tura akwatunan ƙarƙashin gado, an bar musu wuri a can. Ki sayi 'yan ƙugiyoyi masu maganaɗisu kafin ku tafi. Bangon ɗakin ƙarfe ne, suna mannewa, kuma su ne za su raba ki da rigimar inda za a rataye jiƙaƙƙen kaya.

Idan ɗakinku mai baranda ne, zai so ya shanya rigar a can ya bar ta ta kwana. Ki hana shi. Iskar teku tana ɗauke kaya idan jirgi na tafiya, kuma kamfanoni sun hana barin tufafi a baranda saboda dalili mai nauyi. A watan Maris na 2006 gobara ta tashi da dare a barandar jirgin Star Princess tsakanin Grand Cayman da Jamaika, ta cinye ɗakuna da yawa, fasinja ɗaya ya rasu. Masu bincike na Birtaniya sun fi zargin guntun sigari da ya faɗa kan kayan da ke barandar. Abin da ya fi shi ne ya ɗauraye komai a kwamin ruwan daɗi na shagon nutso kafin ya taho, ya zuba a jakar raga mai babbar leda a ciki don kada ya bi kafet yana ɗiga, idan ya iso ya rataye a wurin wanka. Ku yi yarjejeniya cewa kafin a kwanta ya matsar da su gefe ya bar miki wurin alwala.

Kin ga duk wannan maganar kilo ce, kuma da sikeli a falo za a gama ta cikin awa ɗaya. Abin da ya tsaya mini a wasiƙarki shi ne layin ƙarshe, inda kika ce kin fara jin ba don ku ya shirya tafiyar ba. Wannan ce ainihin damuwar, kuma kina da hakkin jin ta. Nutso tukunya biyu, da zuwa da dawowa da hutun tsakani, yakan ci awa huɗu zuwa biyar. Jirgi kuma awa bakwai ko takwas yake tsayawa a kowace tasha. Idan ya yi nutso a tasha ukun duka, ke ce za ki yini da yara biyu a duk ranar da aka taka ƙasa, kina tura keke a rana a garin da ba ki san kowa ba, ko kina zaune a ɗaki kina kallon tsibiri ta taga. Ɗakin wasan yara na jirgi zai karɓi babbar, amma yawancinsu daga shekara 2 ko 3 suke farawa, ƙaramin yana hannunki. Shi ƙila bai yi wannan lissafin ba sam. Kayansa yake gani, bai ga yininki ba.

Don haka kada ki sake buɗe zancen da akwati. Ki bari ya ci abinci, yara sun yi barci, ki ɗauko jadawalin tafiyar ki ce, "Abban yara, nuna mini ranakun da za ka shiga ruwa, in san yadda zan tsara kaina." Ki fara da amincewa cewa ragiletarsa da gilashinsa za su tafi, kin fahimci dalilinsa. Sannan ki faɗi abin da kike so a fili: tasha ɗaya aƙalla taku ce ku huɗu daga safe har yamma, kuma ranar da ya yi nutso, idan ya dawo ya huta, yaran suna wurinsa ke ma ki samu awa biyu ki sarara. Ni da zan zaɓa masa, ya yi Roatan da Cozumel, ya bar muku Costa Maya. Roatan da Cozumel suna kan jerin duwatsun murjani mafi tsawo a duniya bayan na Ostareliya, mutane suna tara kuɗin shekaru don su ga wurin nutso na Palancar a Cozumel. Mutumin da ya saba da ruwan tafki mai sanyi da duhu, kada ki so ya zo bakin wannan ya koma bai shiga ba. Zai daɗe yana jin abin a ransa, ke ma ba za ki ji daɗin hakan ba.

Akwai abin da nake so ki sani ke da kanki, domin ke ce za ki kasance kusa da shi. Jirgi ba ya jiran wanda ya makara, sai fa wanda ya fita yawon da aka saya ta hannun kamfanin jirgin. Idan da wani shago na waje ya shirya, wanda sau da yawa ya fi arha kuma mutane sun fi kaɗan a kwale-kwale, nauyin dawowa a kan lokaci yana wuyansa. Akan ce kowa ya kasance a ciki minti 30 kafin tashi. Ga tarkon: a watan Yuli agogon Roatan yana bayan na Galveston da awa ɗaya, wasu jiragen kuma ba sa canza agogonsu. Wayarsa za ta koma lokacin garin da kanta, ta nuna masa uku da rabi alhali a jirgi huɗu da rabi ta yi. Ya saita agogon hannunsa da na jirgi kafin ya sauka, ya faɗa wa mai shagon lokacin da ya zama dole ya dawo, ya kuma ɗauki hoton lambar wakilin jirgin na wannan tasha, tana cikin takardar shirye-shiryen da ake bayarwa kullum. Tun da wannan ce tafiyarku ta farko kuma da ƙananan yara, ni zan ce ya biya ƙarin kuɗin ya bi na kamfanin jirgi a Roatan, hankalinki ya kwanta. Yuli kuma tana cikin lokacin guguwar teku, wanda ke farawa daga Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba, kyaftin na iya sauya hanya ya tsallake tasha. Duk shagon da zai ba kafin-alƙalami, ya tambaye su ko suna mayarwa idan jirgi bai tsaya ba.

Na biyu, ciwon da ke kama mai nutso idan iskar da ta narke a jininsa ta yi kumfa ba lallai ya bayyana nan take ba. Yana iya zuwa bayan awoyi, lokacin jirgi ya riga ya bar tasha. Idan kika ji yana kukan ciwon gwiwar hannu ko kafaɗa, ko wani sashen jikinsa ya yi sanyi kamar ba nasa ba, ko jiri, ko gajiyar da ta wuce misali, ko kika ga fatarsa ta yi dabbare-dabbare, kada ki yarda ya ce bari ya kwanta zai wuce. Ki kira asibitin jirgi, ki ce musu yau ya yi nutso, za su sa masa iskar oksijin su san matakin gaba. Ɗakin matsin iska da ake maganin ciwon a tudu yake, akwai a Cozumel da Roatan, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Ya duba ko inshorar lafiyarsa tana aiki a wajen Amurka, in ba ta yi ya yanki ta masu nutso irin ta DAN, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso, kafin ku tashi. Ranar nutso ya sha ruwa sosai, ya ƙaurace wa kwamin ruwan zafi da ɗakin motsa jiki. Wannan ma wani dalili ne na rage kayan, don jan ƙaton akwati a doguwar gadar tashar Cozumel cikin rana bayan fitowa daga ruwa ba abin so ba ne.

Ita dai wannan ƙungiya ta DAN ta ba da shawarar kada a hau jirgin sama sai bayan awa 12 da nutso ɗaya, awa 18 idan an yi fiye da ɗaya ko an jera kwanaki, da yawa kuma sukan cika 24. Ku duba jadawalinku, galibi akwai yini guda a teku tsakanin tasha ta ƙarshe da Galveston, to wannan ya wadatar. Yinin ne kuma zai busar da kayansa, domin jiƙaƙƙiyar riga tana ƙara wa akwati nauyi a sikelin filin jirgi, tana kuma sa wa tufafin yara wari. A daren ƙarshe ana fitar da manyan akwatuna ƙofar ɗaki kafin a kwanta, sai an sauka a same su a zauren tasha, don haka ki ware kayan da kowa zai sa da safe tun kafin ki zuge zif.

Ba a fafe gora ranar tafiya, 'yata. A cikin makon nan ya kai ragiletar a duba ta idan ta shekara ba a buɗe ba, ya gwada ta a kwamin ninƙaya bayan gyaran, ya sa sabon batir a agogon. Ke kuma ki ari sikelin rataye, ku auna akwatunan tare ranar Asabar. Idan an cire tukunya da dalma da rigar sanyi, za ki ga akwati guda ya dawo hannunki, ki zuba kunzugun yaro a ciki. Ki rubuto mini bayan kun dawo, ina son jin yadda babbar ta yi da ta ga teku.